Tun Ran Gini, Ran Zane: Tarihin Ainod da Faifan da Ke Cika Alhali da Sauran Wuri

Daga cikin saƙonnin kuskure da kwamfuta mai aiki da Linux ko sauran dangin Unix ke nunawa, akwai mai lamba 28, wanda ma'anarsa ita ce babu sauran wuri a kan na'urar ajiya. Galibi gaskiya saƙon yake faɗa: faifai ya cika, sai a share wasu abubuwa a ci gaba da aiki. Amma akan yi ranar da mai kula da na'ura zai ga wannan saƙo, ya duba ma'auni, ya tarar rabin faifan fanko ne. Ya gwada buɗe sabon fayil, ko da wanda babu harafi ɗaya a cikinsa, na'ura ta ƙi. Wasiƙu su daina shigowa, shafin intanet ya daina karɓar masu shiga, sabunta manhaja ya tsaya a tsakiya, ga kuma sarari birjik.

Abin da ya ƙare a irin wannan rana shi ne ainod, wato ɗan katin bayani da kowane fayil ke buƙata kafin a yarda da samuwarsa. A tsarin fayiloli da dama, adadin waɗannan katuna ana yanke shi ne sau ɗaya tak, a ranar da aka tsara faifan, kuma ba a sake ƙara shi. Wannan hukunci na ranar farko yana da tarihi na fiye da shekara hamsin, kuma sanin tarihin ne ke bayyana dalilin da ya sa ƙananan ɓangarorin faifai suka fi faɗawa cikin tarkon.

Alli da allo a Bell Labs

A shekarar 1969 cibiyar bincike ta Bell Labs, da ke Murray Hill a jihar New Jersey ta Amurka, ta janye daga aikin gina babbar manhajar Multics. Wasu daga cikin masu bincikenta ba su haƙura ba. Ken Thompson da Dennis Ritchie da Rudd Canaday suka zauna suna zana tsarin ajiyar fayiloli a kan allo da guntayen takardu, daga bisani Thompson ya aiwatar da shi a kan wata ƙaramar na'ura mai suna PDP-7. Daga nan Unix ta samo asali.

Dabararsu ita ce raba suna da bayani. Sunan fayil yana zaune a cikin folda, tare da wata lamba a gefensa. Lambar ce ke nuni zuwa ga katin da ke ɗauke da sauran komai: mai fayil ɗin, waɗanda aka yarda su karanta ko su rubuta, girmansa, lokacin da aka taɓa shi, da wuraren da abin da ke cikinsa yake a kan faifai. Wannan katin shi ne ainod. Mai karatu zai iya kwatanta shi da katin asibiti: maras lafiya yana da suna, amma ma'aikatan ɗakin kati da lamba suke nemansa, kuma wanda ba a buɗe wa kati ba ba zai ga likita ba ko da gadaje a fanko suke. Folda ita ma fayil ce, don haka ita ma tana cin kati ɗaya. Game da asalin sunan kuwa, da aka tambayi Ritchie a 2002, ya nuna cewa shi kansa bai riƙe tabbas ba, amma hasashensa shi ne harafin farkon ya fito daga kalmar Turanci mai nufin fihirisa.

Katunan an jera su ne a jere guda a farkon faifai, bayan tubalin tayar da na'ura da tubalin da ke riƙe bayanin tsarin baki ɗaya. Dukkansu girmansu ɗaya: bayit 32 a bugu na shida na Unix da ya fito a 1975, bayit 64 a bugu na bakwai na 1979. A nan hikimar take. Tun da girman ɗaya ne kuma mafarin jerin sananne ne, na'ura ba ta buƙatar neman kati. Ninka lamba da girma kawai za ta yi ta san inda yake. Ga na'urar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce 'yan kilobayit ba, wadda faifanta irin RK05 na PDP-11 ke ɗaukar kimanin megabayit biyu da rabi, wannan sauƙi ba ƙaramar riba ba ce. Haka nan idan wuta ta ɗauke tsarin ya hargitse, mai gyara ya san daidai inda zai fara dubawa.

Sai dai jerin da ke da tabbataccen mafari dole ya kasance da tabbatacciyar iyaka, domin daga ƙarshensa tubalan bayanai suke farawa. Manhajar tsara faifai, mkfs, ita ke shata wannan iyaka. Ko a folda ma akwai wata iyakar: kowane layi bayit 16 ne, 14 na suna, 2 na lamba, abin da ya sa lambar kati ba za ta wuce 65,535 ba.

Hasashen Berkeley

Da faifai suka ƙara girma, sai aibin wannan shimfiɗa ya bayyana. Katuna suna farkon faifai, bayanai suna can nesa, allurar karatu tana ta kai-komo tsakaninsu. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Marshall Kirk McKusick da William Joy da Samuel Leffler da Robert Fabry suka auna suka ga tsohon tsarin, ko bayan an ninka girman tubalinsa, yana amfani ne da kimanin kashi 4 cikin ɗari na saurin da faifai zai iya bayarwa. Suka gina sabon tsari mai sauri, wanda ya fito tare da 4.2BSD a 1983, suka kuma wallafa bayaninsa a 1984.

Sun yanka faifai rukuni-rukuni, kowane rukuni da nasa jerin katuna kusa da nasa bayanai. Wannan ya magance kai-komon allura. Amma adadin katunan kowane rukuni har yanzu a ranar tsarawa ake yanke shi, don haka sai da suka zaɓi ƙa'ida: kati ɗaya ga kowane bayit 2,048 na sarari. A takardarsu sun bayyana cewa suna sa ran wannan adadi zai zarce duk abin da za a taɓa buƙata.

Daga nan aka sami ma'aunin da ake amfani da shi har yau, wato bayit nawa ne ga kowane ainod. Ma'aunin hasashe ne game da matsakaicin girman fayilolin da ba a riga an rubuta ba. Idan matsakaicin girman ya fi ma'aunin, sarari zai riga katuna ƙarewa, kuma babu wanda zai lura da zancen ainod. Idan ya gaza ma'aunin, katuna ne za su riga ƙarewa.

Lokacin da labarai suka cinye katuna

Waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu da yawa su ne masu kula da Usenet, dandalin musayar saƙonni da Tom Truscott da Jim Ellis suka ƙirƙiro a Jami'ar Duke a 1979. Manhajojin da ke tafiyar da shi, har zuwa C News na Henry Spencer da Geoff Collyer da kuma INN na Rich Salz a farkon fitowarta, suna ajiye kowane saƙo a matsayin fayil mai zaman kansa. Saƙonnin gajeru ne, amma suna kwarara dare da rana daga ko'ina a duniya. Ɓangaren faifan da aka ware musu yakan cika da katuna tun sararinsa bai kai ko'ina ba.

Masu kula da na'urori suka koyi tsara ɓangaren labarai daban da sauran, da katuna masu yawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, INN ta samu wata hanyar ajiya mai suna CNFS, wadda ke zuba saƙonni cikin 'yan manyan fayiloli da ake zagayawa ana rubutu a kan tsoho, ta yadda ba a buƙatar sabon kati ga kowane saƙo. Alamar wancan zamani tana nan har yau: a cikin fayil ɗin saitin manhajar tsara faifai ta Linux akwai nau'in amfani mai suna news, wanda ke ba da kati ɗaya ga kowane bayit 4,096.

Ana rufe wannan ƙofa, wata ta buɗe. A tsakiyar shekarun 1990 Daniel Bernstein ya fito da Maildir, tsarin da ke ajiye kowace wasiƙar imel a fayil ɗinta maimakon a haɗa su a fayil guda. Dalilinsa mai ƙarfi ne, domin hakan na hana wasiƙu lalacewa idan manhajoji biyu suka taɓa akwati a lokaci ɗaya. Amma farashinsa kati ɗaya ne ga kowace wasiƙa.

Gadon da Linux ta ci

Lokacin da Linus Torvalds ya fara Linux a Finlan a 1991, ya yi amfani da tsarin fayilolin Minix, wanda iyakarsa megabayit 64 ce, sunaye kuma ba sa wuce haruffa 14. A 1992 Rémy Card na Faransa ya rubuta ext, sannan a Janairun 1993 ya fito da ext2, wanda ya ɗauko darasin Berkeley kusan baki ɗaya: rukunan tubala, kowane da jerin katunansa, adadinsu a yanke tun farko. Stephen Tweedie ya ƙara masa littafin ajiyar motsi, aka sami ext3 a 2001. An amince da ext4 a matsayin tsayayye a Disambar 2008. Kowane mataki ya kawo sauri da aminci da ƙarin girma, amma babu wanda ya taɓa wancan hukunci na ranar farko.

Abin da ya riƙa sauyawa shi ne ma'aunin. Manhajar mke2fs ta fara da bayit 4,096 ga kowane kati, ta koma 8,192, sannan 16,384. Dalilin a fili yake: hotuna da waƙoƙi da bidiyo sun kumbura matsakaicin fayil, kuma katunan da ba a amfani da su suna cin sarari, suna kuma tsawaita lokacin tsarawa da na binciken faifai bayan ɗaukewar wuta. Shi ma katin ya girma, daga bayit 128 zuwa 256, domin ya ɗauki lokaci mai ƙididdiga daki-daki da ƙarin bayanan tsaro. Lissafin ya nuna abin da aka yi: 128 a cikin 8,192 daidai yake da 256 a cikin 16,384, wato kimanin kashi 1.6 cikin ɗari na faifai. Rabon jerin katuna bai ƙaru ba, sai dai katunan sun ninka girma, adadinsu ya ragu da rabi.

Ga faifai mai terabayit guda cike da hotuna, wannan ciniki ne mai kyau, domin katuna sama da miliyan sittin za a samu. Ga ƙaramin ɓangare kuwa labari ya sha bamban.

Gaɓar megabayit 512

Masu rubuta mke2fs sun san cewa ƙananan ɓangarori sukan ɗauki ƙananan fayiloli, don haka suka yi tanadi. Idan ba a faɗa mata komai ba, manhajar takan zaɓi nau'i gwargwadon girma. Abin da bai kai megabayit 3 ba tana ɗaukarsa kamar tsohon faifan fulofi. Daga megabayit 3 zuwa ƙasa da 512 tana kiransa ƙarami, ta ba shi kati ɗaya ga kowane bayit 4,096. Daga 512 zuwa ƙasa da terabayit 4 kuwa sai ta koma ma'aunin gama-gari na 16,384.

Wannan tanadi ya haifar da wata gaɓa da mutane da yawa ba su san da ita ba. Ɓangare mai megabayit 400 zai samu katuna kimanin 102,400. Mai megabayit 600, wanda ya fi shi girma da rabi, zai samu kimanin 38,400 kacal. Mai megabayit 500 zai samu 128,000, kuma sai an kai kusan gigabayit 2 kafin ma'aunin gama-gari ya sake ba da irin wannan adadi. Mai gigabayit ɗaya cur zai tashi da 65,536, kusan daidai da iyakar da Unix ke da ita a shekarun 1970. Adadin kan ɗan bambanta saboda daidaita rukunai, kuma wasu kamfanonin da ke rarraba Linux sukan sauya saitin, amma siffar gaɓar ɗaya ce.

Yankin hatsarin ke nan: ɓangarorin da suka fi ƙarfin a kira su ƙanana, amma ba su kai girman da yawan sarari zai rufe aibin ma'aunin ba. Kuma a daidai wannan yanki ne ake yanka ɓangarori da yawa a yau: na fayilolin wucin gadi, na wasiƙu da rahotannin aiki, na ƙananan sabar haya, na katin ƙwaƙwalwa a ƙananan na'urori irin su Raspberry Pi.

A lokaci guda kuma, yadda ake rubuta manhaja ya koma haifar da ƙananan fayiloli fiye da kowane zamani. Shafin da aka gina da PHP, a saitinsa na asali, yana buɗe fayil ga zaman kowane baƙo; idan aikin share tsofaffi ya tsaya, sai su taru dubbai. Manhaja guda ta JavaScript tana iya janyo dubban fayiloli na ɗakunan karatu da ta dogara da su. Kowane sabon ƙashin bayan Linux da aka girka tare da fayilolin kanunsa yana ƙara wasu dubban, kuma idan ba a cire tsofaffi ba suna nan. Akwatunan Docker su ma hawa-hawa ne na fayiloli. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cin sarari sosai, shi ya sa ma'aunin da aka saba dubawa ba ya ƙararrawa har sai aiki ya tsaya.

Waɗanda suka bar tsohuwar hanya

Ba kowane tsari ne ya riƙe jeri mai iyaka ba. Kamfanin Silicon Graphics ya fito da XFS a 1994, wanda ke ƙirƙirar katuna lokacin da ake buƙatarsu, 64 a kowane karo, yana bin diddigin wurarensu da tsarin bishiya. An kawo shi Linux a 2001, kuma Red Hat ta mayar da shi zaɓin asali a bugunta na 7 a 2014. ZFS na kamfanin Sun da Btrfs da Chris Mason ya fara a 2007 su ma ba sa yanke adadi tun farko.

Wannan ya kawar da hasashen ranar farko, amma bai kawar da iyaka ba. XFS yana da ƙa'idar kason sarari da katuna za su iya ci, wanda a asali kashi 25 cikin ɗari ne ga abin da bai kai terabayit ba, ko da yake ana iya sauya shi daga baya. Ba a kuma rage girman ɓangaren XFS kamar yadda ake yi wa ext4, kuma sababbin manhajojin tsara shi suna ƙin ɓangaren da bai kai megabayit 300 ba. Btrfs a kan ƙaramin ɓangare yana iya rasa wurin ajiye bayanan tsarinsa ya ba da wancan saƙo mai lamba 28, alhali ma'auni na nuna sarari. Waɗannan tsare-tsare an gina su ne da tunanin manyan faifai. Shi ya sa ext4, mai sauƙi kuma sananne, ya ci gaba da zama zaɓi a ƙananan wurare, tare da tsohon sharaɗinsa.

Abin da tarihin ke koyarwa

Darasi na farko shi ne a yi lissafin kafin a tsara. Tambayar ita ce: fayiloli nawa wannan ɓangare zai ɗauka, kuma menene matsakaicin girmansu? Idan akwai na'ura mai irin aikin tana gudana, umarnin df -i yana nuna katunan da aka ci da waɗanda suka rage, kamar yadda df -h ke nuna sarari. Raba sararin da aka ci da adadin katunan da aka ci yana ba da matsakaicin girma na haƙiƙa. Idan ya gaza bayit 16,384, ma'aunin gama-gari bai dace ba.

Na biyu, mke2fs tana ba da hanyoyin faɗa mata abin da ake so. Zaɓin -i yana sauya bayit nawa ga kowane kati, -N yana ba da adadin kai tsaye, -T kuma yana zaɓar nau'i irin su news ko small. Akwai kuma -n, wanda ke nuna abin da za a yi ba tare da an taɓa faifan ba, don mutum ya ga adadin da idonsa kafin ya yanke shawara.

Na uku, a san farashin. Gigabayit ɗaya a ma'aunin 16,384 yana ba jerin katuna megabayit 16. A ma'aunin 4,096 katuna za su zama 262,144, jerin zai ci megabayit 64, wato kashi 6.25 cikin ɗari. Ga ɓangaren wasiƙu ko na fayilolin wucin gadi, megabayit 48 na ƙari abu ne mai araha idan aka kwatanta da tsayawar aiki. Akwai kuma iyakar hankali: sauke ma'aunin ƙasa da girman tubali galibi ɓarna ce, domin fayil mai abu a cikinsa a al'ada yana cin aƙalla tubali ɗaya, don haka tubala za su ƙare kafin katuna. Jarabar rage girman kati zuwa bayit 128 don tsimi ita ma tana da illa, domin irin wannan kati ba ya iya riƙe kwanan wata da ya wuce Janairun 2038.

Na huɗu, a san abin da ba ya gyaruwa. Babu umarnin da zai ƙara katuna ga ext4 a girmansa na yanzu. Faɗaɗa ɓangaren yana ƙara sababbin rukunai da nasu katunan, amma a kan ma'aunin da aka zaɓa tun farko. Wanda ba shi da sararin faɗaɗawa, hanya biyu ta rage masa: ya nemo foldar da ƙananan fayiloli suka taru ya share ko ya dunƙule su a fayil guda, umarnin du --inodes yana taimakawa wajen nemanta, ko ya kwashe komai, ya sake tsara ɓangaren, ya mayar. Sannan duk wani tsarin sa ido da ke ƙararrawa idan sarari ya kai kashi 90 cikin ɗari ya kamata ya yi haka ga katuna.

Thompson da abokansa sun yanke iyakar ne don na'urarsu ba ta da ƙarfin neman abin da ba ta san wurinsa ba. Mutanen Berkeley sun zaɓi 2,048 suna ganin sun wadata kowa. Masu Linux sun ɗaga ma'aunin sau biyu don fayilolin zamaninsu sun girma. Kowane hukunci ya dace da faifan da ke gaban masu yanke shi da irin fayilolin da suka sani. Ƙaramin ɓangaren da ake shirin tsarawa a yau kuwa babu ɗaya daga cikinsu da ya gan shi. Mai tsara shi ne kaɗai ya san abin da za a zuba a ciki, kuma damarsa ta faɗin hakan daƙiƙoƙi kaɗan ce, kafin ya danna umarnin.